Kawu Bai Taɓa Dukan Kowa Ba

Talata, da yamma

Na dawo daga asibiti. Sun naɗe wa Ango hannun da injin guga ya ƙona, har gwiwar hannu, ba a ganin komai, ni kuma ban ce a nuna mini ba. Ango yana barci baki buɗe, kamar yadda na san shi tun yana ƙarami a gidan surukaina. Har yau Ango muke ce masa, don bai daɗe da amarya ba aka kira shi aiki nan ƙasar waje, sunan ya bi shi.

Uwar yara ta kira. Ta tambayi ƙaninta. Na ce kowa lafiya.

Laraba, kafin fita aiki

An wanke injin guga, an goge shi. Yau zai ci gaba da aiki. Zannuwan gadon otal ba sa jiran kowa.

Laraba, da yamma

Manaja ya kira ni ofis, don a cikin mutanenmu ni kaɗai ne Turancina ya wuce na gaisuwa. Shi na koyar a sakandare kafin in zo nan in koyi ninke tawul. Ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba.

Ga yadda maganar take. Hukumar kula da ma'aikata za ta turo mai bincike. In rahoto ya ce sakacin Ango ne, shi ya kai hannu inda ba a kaiwa, to da ciwon ya kame za a soke kwantiraginsa a sa shi a jirgi. In kuwa rahoto ya ce laifin yana ga yadda ake tafiyar da sashen, inshora za ta yi masa tiyata, a yi masa dashen fata. Likita ya ce in ba a yi da wuri ba, fatar za ta ja yatsun su naɗe, kuma ba za su sake buɗewa ba. Manaja ya ce ni zan yi tafinta. Ya ce ya san ni mutum ne mai gaskiya. Na lura duk wanda zai ɗora mini kaya da wannan yake farawa.

Ban gaya wa uwar yara ba.

Alhamis, lokacin hutun rana

Ina so in rubuta wa Kawu haƙƙinsa tun yanzu, kafin raina ya ƙara ɓaci.

Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, amma shi ya kawo mu duka. Shi ne shugaban sashen guga. Ya san uban kowa, ya san ƙofar gidan kowa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Bai taɓa zagin kowa ba, balle duka. Bai taɓa cewa kada a danna jan maɓallin nan na tsayar da inji ba. Ranar da ka fara aiki ma shi zai kai ka da kansa ya nuna maka, ya ce ɗana, in ka ga abu ya rikice, ga shi nan.

Sai dai ka danna ka gani. Ƙatuwar gangar ƙarfen za ta tsaya, ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Sai ka hango shi yana tahowa daga can ƙarshe, ba sauri, yana naɗe hannun riga. Ya zo ya dafa kafaɗarka ya ce, “Sannu. Ka gaji ko? Matsa ka huta.” Sai ya karɓi wurinka. Dattijo mai furfura, mai ciwon gwiwa, ya tsaya cikin tururi yana tura zannuwa har a tashi, kai kuwa kana tsaye a gefensa hannu sake, kowa ya wuce ya dube ka. In ka miƙa hannu za ka taya shi, ya ce a'a, huta abinka. Ranar hutu kuma ya kira mahaifinka a waya, gaisuwa kawai, ya ce yaron yana ƙoƙari, aikin ne da ɗan nauyi.

Wanda aka yi wa sau ɗaya ba ya sakewa. Wanda ya kalla ma ba ya gwadawa. In zani ya tattare a bakin ganga, da yatsa ake gyarawa inji yana tafiya. Kowa haka yake yi. Ango ba shi ya ƙirƙiro ba.

Ranar da mahaifiyata ta rasu, shi ɗin ne dai ya dafa kafaɗata ya ce matsa ka huta, ya yi aikina har dare ban roƙe shi ba. Dole in rubuta wannan ma.

Juma'a, da yamma

Dogo, ɗaya daga cikin mutanenmu na sashen guga, ya soya nama a ɗakin girki. Na fita waje na zauna a kan matakala har warin ya wuce.

Asabar, da yamma

Ango ya farka sosai yau, har da tsokana. Ya ce, “Yaya, ka gaya wa Dogo in ya taɓa mini sabulu zan sani, na yi masa alama.” Na ce ai tun jiya ya ƙare. Ya yi dariya, dariyar ta ja masa ciwon, ya daina.

A kan durowar gefen gado ga lemo, ga ayaba, ga madara. Ba sai na tambaya ba. Kullum bayan an tashi Kawu yana zuwa, ya ja kujera ya zauna, ba ya magana sosai. Na ce wa Ango mai bincike za ta zo, ya faɗa mata dalilin da ya hana shi tsayar da injin. Ya juya fuska wajen bango.

“Laifina ne, Yaya. Ni na sa hannu.”

“Me ya sa ka sa?”

“Ka bari don Allah. Mutumin da ke ɓare mini lemo da hannunsa?”

Litinin, da yamma

Mai binciken ta zo. Mace ce siririya mai tabarau, ba ta dariya amma ba ta da wulaƙanci. Tuni mutanenmu suka sa mata Mai Gilashi. An ba ta ɗan ɗakin ajiyar sabulu, tebur ɗaya, kujera uku. Sai da ta zagaya sashen tukuna, ta tsaya ta daɗe tana kallon yadda ake aiki, da yadda kowa ke gyara tsayuwa in Kawu ya gifta.

Kafin a shigo da mutum na farko ta yi mini wata tambaya, ta sa wata kalma a ciki: overawe. Na tsaya ina juya ta. Na san kalmar, amma a littafi na san ta, tsofaffin littattafan tarihi da ke cewa sarki kaza ya fito da rundunarsa fili don mutanen gari su gani su yi laushi, ba a harba ko kibiya ba. Ban taɓa jin ta a bakin mutum mai rai ba. Ta zaci ban gane ba, ta fara sauƙaƙa mini. Na ce na gane, Hausarta nake nema.

Danniya ba ta yi ba, don danniya da nauyi ake yin ta, ana ji a jiki. Tsoratarwa ma ba ta yi ba, ba abin da Kawu ya taɓa cewa zai yi wa wani. Kwarjini ya fi kusa, amma kwarjini yabo ne, in na ce haka kowa zai gyaɗa kai yana murna. Kalmar tana nufin ka fi ƙarfin mutum ba ka taɓa shi ba, girmanka da kunyarka su cika masa ido har ya kasa yin abin da ya san ya kamata ya yi. A ƙarshe da jimla guda na riƙa faɗin ta.

Dogo ne ya fara shiga. Shi ne ya fi kowa kusa da maɓallin a ranar.

Na ce, “Tana tambaya, ko Kawu yana sa jikinku ya mutu, ku kasa tsayar da inji ko da kun ga ya kamata.”

Ya dube ni. “Malam, duk wannan a cikin kalma ɗaya? Turancin nan akwai rowar baki.”

“Amsa za ka ba ta.”

“Ka ce mata Kawu uba ne.”

Na ce mata. Ta tambayi me ya sa aka daɗe ba a tsayar da injin ba bayan abin ya faru, don likita ya rubuta cewa zurfin ƙunar ba na taɓawa a janye ba ne. Dogo ya ce ruɗewa. Tela ya shigo bayansa, wanda a gida ɗinki yake yi, gumi har wuyan riga, shi ma ya ce ruɗewa. Sauran ma haka, kamar tare aka yi musu karatun.

Ita ba ta jin Hausa. Su ba sa jin Turanci. Ni kaɗai ne a tsakiya, kuma da na ƙara rabin jimla a bakin Dogo ba mahaluƙin da zai sani. Na ji ta a kan harshena. Ban ƙara ba. Abin da suka ce shi na kai mata, har “uba ne” ɗin, da irin muryar da suka faɗa.

Ina so in ce na ji daɗin kaina. Ban ji ba.

Talata, da safe

Har yanzu ban gaya wa uwar yara ba.

Talata, da yamma

Na nemi Mai Gilashi ta saurare ni ni ma. Na faɗa mata komai, dafa kafaɗar, tsayuwar, kiran wayar. Ta rubuta. Sannan ta tambaye ni ina nake a lokacin. Na ce a sashen ninki, bayan bango, ji kawai na yi. Ta tambayi dangantakata da mai ciwon. Na faɗa. Ta cire tabarau ta murza ido, ta ce ta yarda da ni, amma maganar surukin da bai gani da ido ba ba za ta ɗauki rahoto ba. Tana bukatar waɗanda suke tsaye a wurin. Za ta dawo Litinin ta rufe.

Ba ta yi kuskure ba. Ni ma da haka zan ce.

Laraba, da yamma

Na tare Dogo a kan bene yana shanya wandonsa. Ban yi masa faɗa ba, na gaji da yawa. Na ce, “Tsakaninka da Allah, me ya faru?”

Ya daɗe yana matse wandon da ya riga ya matse.

“Hannuna yana kan maɓallin, Malam. A kansa yake. Na ji ihun, na kai hannu, sai na tsinci kaina ina waige ina neman inda Kawu yake. Na duba Tela, shi ma can yake kallo. Dukanmu. Sai da ya ɗaga mana hannu daga nesa.”

“Ka faɗa mata haka.”

“In koma gida in ce wa tsoho me? Ni ne na tona wa Kawu asiri a gaban baƙi?” Ya rataya wandon. “Ƙannena biyu suna jiran ya kira su.”

Na so in tsane shi. Amma wanda hannunsa ke kan maɓalli yana waige, ban san ko da ni ne da me zan yi ba, kuma ba na son in sani.

Alhamis, da hantsi

Uwar yara ta kira ina bakin aiki, na fita bayan gida na ɗauka. Ta sani. Kawu ya kira mahaifinta jiya, ya jajanta masa, ya ce ƙaddara ce, yaron yana hannu mai kyau.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, “Sai a bakin mutane zan ji? Kullum kowa lafiya, kowa lafiya.” Na ce ina jiran in samu abin faɗa mai daɗi ne. Ta ce, “Hannun dama ne ko hagu?” Na faɗa mata. Sannan ta ce Baba ya ce a yi wa Kawu godiya, kuma kada in kuskura in ja wata magana.

Na koma na ninke tawul. Fari, fari, fari.

Juma'a, da yamma

An buɗe bandejin ina wurin. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara lanƙwasa ciki. Ango ya ce, “Ka ga sun fara gaishe ni.” Ba wanda ya yi dariya, har shi.

Asabar, da yamma

A bas ɗin kamfani kujerar Kawu ta gaba ce, bayan direba, ba mai zama a kai ko ba ya nan. Yau ya wuce ta, ya taho har baya ya zauna kusa da ni. Bas ɗin ya yi tsit. Dogo ya sa abin jin waƙa a kunne, na san ba abin da ya kunna.

Ya tambayi iyali. Na ce suna godiya. Muka wuce gada, muka wuce kasuwar kayan gini.

“Malam, akwai wata kalma da matar nan take ta maimaitawa a kaina. Yara sun ce har kai sai da ka yi tunani. Mece ce?”

Na ji bakina yana shirin cewa ba komai ba ce, Kawu, Turancin ofis ne. Amma ban rage wa Dogo ba, ban ƙara masa ba, sai na ga ba dalilin da zan rage wa wannan. Na faɗa masa yadda na faɗa musu. Na ce ana faɗin ta a kan wanda ba ya bukatar ya ɗaga hannu, ganinsa kaɗai ya isa ya ɗaure mutane.

“To wannan laifi ne?”

“Kalmar ba ta ce laifi ba ne. Ta faɗi abin da ke faruwa ne kawai.”

“Na taɓa dukan wani?”

“A'a.”

“Na hana wani danna abin nan?”

“A'a, Kawu.”

“To?”

“Hannun Dogo yana kan maɓallin. Sai da ya neme ka da ido.”

Ya ci gaba da kallon bayan kujerar gabansa, yana shafa gwiwar nan mai ciwo. Can ya ce, kamar da kansa yake, “Na ga sun juyo. Na ɗauka kirana suke in zo in taimaka.” Ban sani ba ko gaskiya ne. Fuskarsa ba ta nuna ƙarya ba, amma fuskarsa ba ta taɓa nuna komai ba.

Da za mu sauka ya ce, “Sun ce mata ba haka ba ne?”

“Duka.”

“Yaran kirki,” in ji shi, ya riga ni sauka.

Lahadi, da rana

Ba aiki. Ba wanda ya yi mini magana a ɗaki. Tela ya ɗauke katifarsa daga kusa da tawa, wai fanka ba ta kai masa.

Litinin, lokacin hutun rana

Muna cin abinci Kawu ya shigo. Kowa ya ajiye cokali. Bai zauna ba, bai ɗaga murya ba.

“Matar nan za ta dawo anjima. Kowa ya shiga ya faɗa mata abin da ya yi da idonsa a ranar, da dalilin da ya sa ba ku tsayar da inji ba. Kada wanda ya rage.” Ya dubi Dogo. “Ɗana, kai za ka fara.”

Dogo ya ce, “To, Kawu.”

Litinin, da yamma

Sun faɗa. Ɗaya bayan ɗaya, a ɗakin sabulu, har da abubuwan da ni ban sani ba. Tela ya ce shi sau ɗaya aka karɓi wurinsa, ya kwana uku ba ya iya haɗa ido da kowa. Dogo ya nuna mata da hannunsa a kan tebur yadda ya ɗora shi da yadda ya waiga. Na fassara, ban ƙara ba, ba a ma bukaci ƙari ba.

Mai Gilashi ta ajiye biro. Ta ce in tambayi Dogo, makon jiya duk sun ce a'a, yau duk sun ce e, me ya canza?

Na tambaye shi. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta.

“Kawu ne ya ce mu faɗa.”

Na kai mata. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce in sake tambaya ko na ji daidai. Na sake. Ya ce, “Malam, in bai ce ba wa zai faɗa?” Wannan ma na kai mata. Ta ɗauki biro, ta yi rubutu mai tsawo, ba ta sake tambayar kowa komai ba.

Laraba, da safe

Shiru. Kawu yana zuwa aiki, yana zagayawa, ana gaishe shi.

Juma'a, da yamma

Rahoto ya fito. Za a yi wa Ango tiyata ranar Talata. Likita ya ce manyan yatsun za su dawo, ƙananan biyun sai abin da Allah ya yi, an ɗan makara.

An sauke Kawu. Ba kora suka kira shi ba, sun ce ritaya.

Na kira uwar yara, wannan karon ni na kira. Ta yi kukan da ba ta yi ba rannan. Sannan ta ce Baba ba ya son jin sunana a gidan yanzu, in ba shi lokaci. Na ce lokaci kam ina da shi.

Asabar, da rana

Tun Litinin nake juya abin. Ko tausayin yaron ne ya kama Kawu, ko so ya yi ya nuna mini, ni da Mai Gilashi, cewa ko tona masa asiri sai da izininsa. Wataƙila duka biyun. Wataƙila shi ma bai sani ba. Na so a ce mugu ne sosai, da na huta.

Talata, da yamma

An yi tiyatar. Ango ya farka yana tambayar sabulunsa.

Alhamis, da hantsi

Kawu ya tafi yau. Mutanenmu suka yi layi a bakin ƙofar gida, Dogo yana share ido da gefen riga, Tela ya goge masa kaftani tun asuba. Ni na tsaya can gefe kusa da matakala, na riga na gaya wa kaina gaisuwa kawai zan yi, daga nesa.

Ya bi su ɗaya ɗaya yana sa albarka. Da ya iso kaina ya tsaya, ya dube ni, ba fushi ba murmushi. Ya tambayi jikin Ango. Na ce da sauƙi. Ya gyaɗa kai, ya ajiye jakarsa a ƙasa tsakanina da shi, ya juya ya nufi mota yana ɗingishi.

Bai ce in ɗauka ba. Sai da na rufe but ɗin motar na ga jakar a ciki, kuma ni na kawo ta.